Mai Zuwa Duk Wata Shida

Ranar wata Talata, da ƙarfe tara da kwata na safe, wani mai koyar da tuƙin mota ya hau gadon ɗakin hoto a asibitin da 'yata take aiki, ya naɗe rigarsa har ƙirji. Ita kuma ta matsa masa man nan mai sanyi a ciki, ta ɗora na'ura. Daga ranar gidana bai sake zama yadda na san shi ba.

Ba na wurin. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakinta, da bakinsa, da kuma wayarta, wadda na karanta ba da izininta ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran kurakurai a maɗaba'a. Duk rubutun da aka bari a gabana sai na karanta, ko da takardar da aka ƙunso sabulu ce.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, fitilarsa kullum a rage don a ga allon da kyau.

"Wayyo!" in ji shi. "Daga firij kika ciro hannun nan?"

"Ja numfashi, ka riƙe."

Ya ja ya riƙe. Hankalinta ya tafi kan allo, tana awo, tana danna maɓallai. Can sai ta ji wata 'yar murya a shaƙe.

"Malama, in saki ko in mutu?"

Ta ce a shekara huɗu na aikinta ba ta taɓa dariya a ɗakin nan ba sai ranar.

Ciwon hanta gare shi, nau'in B, tun daga haihuwa, bai kuma sani ba sai da ya haura shekara ashirin da takwas. Kafin a gano, hantar ta riga ta yi tabo ta ƙeƙashe. Likita ta ɗora shi a kan ƙwayar magani ɗaya kowace safiya, mai danne ƙwayar cutar, ta kuma ce ya riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida, domin hanta mai tabo ita sankara ta fi so, kuma idan za ta fito gara a gan ta tana ƙarama.

Yana goge cikinsa da takarda ya ce, "To, me kika gani?"

"Ba ni ke faɗin sakamako ba. Likita ce."

"Ai fuskarki ta faɗa."

"Me ta ce?"

"Ta ce in dawo."

"Katinka ne ya ce ka dawo. Bayan wata shida."

Ya ce wata shida ya yi masa nisa. Ya ajiye katin makarantar tuƙinsu a gefen na'urar, ya fita rigarsa a karkace.

Bayan kwana tara 'yata ta shaida mini za ta fara koyon mota. Na tambaye ta ina motar. Ta ce za ta zo. Abu ɗaya zan yaba mata: kafin ta je, sai da ta mayar da sunansa cikin jerin abokiyar aikinta, ta ce ba za ta riƙa leƙa cikin mutumin da take tunani ba.

Motar koyon 'yar ƙarama ce, mai birki biyu, ɗaya gabanta ɗaya gabansa. Ta zauna ta ƙanƙame sitiyari.

"Ja numfashi, ki riƙe," in ji shi, fuska ba wasa. "Yanzu ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali."

Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

"Shi ke nan," ya ce. "Rannan kin kusa kashe ni, yau kin kashe mini mota. Me muka tsare miki ne?"

Daga nan suka raɗa wa juna suna. Shi yana ce mata Hannun Ƙanƙara, ita tana ce masa Wata Shida. Ni a raina Malam Birki nake ce masa. Ga abin da na tarar a wayarta wata safiya, tana wanka:

"Hannun Ƙanƙara, na sha. Ƙarfe bakwai daidai. Ga hoton kwalin, in ba ki yarda ba."

"Na yarda. Amma gobe ma ka turo."

"Kina sona ne, ko hantata kike so?"

"Hantar na fara gani. Kai daga baya ka biyo."

"To ki riƙe mu duka biyun. Ni da ita ba mu da kowa sai ke."

Na ajiye wayar daidai inda na same ta. Ranar ban ci abincin rana ba.

Mahaifiyarta ta rasu shekara tara kafin nan, da wannan ciwon. Sankara ce ta hau kan tabon. 'Yata tana da shekara goma sha bakwai a lokacin. Ita an yi mata allurar riga-kafi tun ranar haihuwa, gwaji kuma ya nuna ta tsira. Abin da ta sani game da mutuwar uwarta shi ne ta gaji da shan magani ta daina, ta kuma daina zuwa hoto. Wannan ne ya kai ta ɗakin nan marar taga, shi ne kuma ya sa take bin saurayi da tambayar ƙarfe bakwai. Ni kuwa na bar ta da abin da ta sani.

Ya zo gaishe ni wata Asabar. Ya dubi littattafan da suka rufe bango uku na falo, ya ce, "Baba, duk ka karanta su?" Tun kafin a haife shi ake yi mini wannan tambayar. Na ce wasu sau biyu.

Ya zauna a bakin kujera. Bai yi kwana-kwana ba.

"Baba, gara ka ji a bakina. Ina da ciwon hanta. Ina shan magani, ina zuwa hoto, likita ta ce komai yana tafiya daidai."

"Har yaushe za ka sha?"

"Ta ce har ƙarshen rai."

"Ƙarshen nan, ta faɗa maka ranar?"

Ya sunkuyar da kai. Da na tsaya a nan, da rashin mutunci kawai na yi. Ban tsaya ba.

"Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ransa yake cikin kwali ba. Ran da ka tsaya da ƙafarka, ba da ƙwaya ba, ka dawo mu yi magana."

Jimla ce mai kyau, har na ji daɗinta a bakina. Duk ɓarnar da na yi a duniya da jimloli masu kyau na yi ta.

Da ya tafi 'yata ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ba zai sa mini ba. Ina da riga-kafi. Yaran da za mu haifa ma za a yi musu."

"Ba wannan nake tsoro ba, Mamana."

"To mene ne?"

"Na san yadda ake wanke mutum mai kumburarren ciki. Ba na so ki koya."

"Na riga na koya. Ni nake riƙe maka tasar, ko ka manta?"

Ban manta ba. Sai na yi abin da iyaye suke yi idan hujja ta ƙare musu: na nemo wani. Ɗan tsohon abokin aikina ne, lauya, lafiyayye kamar sabon firij, kuma kusan haka hirarsa take. Sau uku ya zo, sau uku ya ba mu tarihin kansa. Da ya tuna da ita ya ce, "Wato ke ce mai duba cikin mata a ga ko namiji ne ko mace?" Don kada ta saɓa mini ta yarda ta fita da shi sau ɗaya. Ya ba ta tuƙin motarsa don burga. A wata mahaɗar titi danja ta tsayar da su kafaɗa da kafaɗa da 'yar motar koyo. Malam Birki ya dube ta, ya dubi hannunta a kan sitiyarin wani, ya ce da ɗalibinsa ya ja.

Ta rubuta masa: "Mutumin nan ba kowa ba ne. Don Baba na fita."

Ya amsa: "Na sani. Amma shi ba ya shan komai da safe sai shayi."

Daga nan hoton kwali ya daina zuwa. Ta tambaya, ya ce, "Na sha." Washegari ma, "Na sha." Darasin tuƙi ya ce a ɗan dakata, yana shirya wani abu. Ta ɗauka fushin lauya ne bai huce ba, ita ma ta ja jikinta. Sai ranar hotonsa ta zo ta wuce, abokiyar aikinta ta ce bai zo ba. Ta kira sau biyar bai ɗaga ba.

Ta dawo gida ta jefar da jaka a kan kujera. "Duk halinsu ɗaya," ta ce. "Sai su gaji. Kamar Mama."

Ina cikin juya shafi ne. Na juya shi.

Asabar ɗin da ta biyo, da la'asar, Malam Birki ya yi sallama. Sabuwar riga, sabon aski, da ambulan a hannu. Ya miƙo mini da hannu biyu, yana murmushin ɗalibin da ya ci jarrabawa.

"Baba, kai mai karatu ne, ka karanta da kanka."

Sakamakon gwajin jini ne, na wata biyu da suka wuce. Ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba.

"Sati takwas ke nan ban sha ko ɗaya ba," ya ce. "Ga ni a tsaye da ƙafata, kamar yadda ka ce."

Na ɗaga kai na dube shi. Aikina ya koya mini bambanta farar takarda da wadda ta fara tsufa. Farin idonsa ya fara tsufa.

'Yata ta fito daga kicin da tiren shayi. Ba ta yar da shi ba. Ta ajiye shi a hankali, har ta gyara zaman cokali.

"Sati nawa ka ce?"

"Hannun Ƙanƙara, tsaya ki ji, ai takardar..."

"Kullum kana turo mini *na sha*."

"Na so in ba ki mamaki ne."

"Ka ba ni. Tashi ka fita. Na binne ɗaya da ta gaji, ba zan binne na biyu ba."

"Wallahi ban gaji ba!"

Ya juyo ya dube ni, amma bai ce ni na sa shi ba. Yaron yana da kunya.

Zan faɗi gaskiya: na ga hanya a buɗe. In na yi shiru na minti biyu, zai fita, ita kuma ba za ta sake kiransa ba, don na san zuciyar da na raina. Zai tafi da takardarsa da sabuwar rigarsa ya kwanta a wani ɗakin da ban sani ba. Ni kuma in ci gaba da zama uban da matarsa ta gaji da magani. Na iya shiru, shekara tara ina yin sa.

"Mamana," na ce, "uwarki ba ta gaji ba."

Na faɗa mata duka, a gabansa. Shekara huɗu uwarta tana shan maganin ba fashi, sai aka ba ta takarda irin wannan, ba a ga komai a jini ba. Ni kuma na riga na karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin, mai lissafa abin da maganin kan iya yi wa ƙoda da ƙashi. Na kuma samo wata mujallar likitoci mai bayani kan marasa lafiyar da aka gwada dakatar musu da shi. Na zauna da ƙamus na karanta shafi biyu, na ga abin da nake so in gani, na rufe. Shafi na uku, inda aka ce ban da masu tabon hanta, sai bayan ta rasu na buɗe shi.

A lokacin uwarta ta ce da ni, "Malam, likita fa ya ce kada in daina." Na ce likitan yaro ne, na karanta abin da bai karanta ba. Ta ce to. A wurinta duk abin da na karanta gaskiya ne. Da lokacin hoto ya yi na ce mai lafiya me zai je yi asibiti. Ta yi wani rashin lafiya bayan 'yan watanni, na ce gajiya ce, ta kuma tashi. Bayan shekara biyu da rabi aka ga abin, ya riga ya kai girman dunƙulen hannu. Likita ya tambaye ta don me ta daina. Ina zaune a gefenta. Ta ce, "Ni na gaji da sha."

Shayin yana ta hucewa.

'Yata ba ta dube ni ba. Ta miƙa masa hannu.

"Ba ni makullin motarka."

Ita ta tuƙa mu zuwa asibiti, ita da ba ta gama koyo ba. Yana gefenta, ƙafarsa kusa da birkinsa, bai taka ba ko sau ɗaya. Ni ina baya, ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya ce in fita.

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. Cutar ta taso da ƙarfi bayan an sake ta, hantar ta kumbura, amma an riske ta. Likitarsa dattijuwa ce mai furfura, ba ta da lokacin lallashi. Ta ɗaga takardar tasa a gabansa.

"Wannan ba ta ce ka warke ba. Cewa ta yi maganin yana aiki. Kai da kake koyar da mota, in ka tsaya a gangare don ka taka birki, sai ka ce gangaren ya ƙare?"

Na tare ta a baranda. Na ba ta labarin matata a taƙaice, na ce da ta ci gaba da sha, da ta rayu?

"Maganin yana rage haɗarin sankara sosai," ta ce, "amma ba ya kawar da shi duka. Shi ya sa muke hoton. Da an gan ta tana ƙarama, da akwai abin yi. Fiye da haka ban sani ba, Malam."

Na so ta ce e, ko ta ce a'a. Kowanne da na san inda zan ajiye shi.

Sati uku 'yata ba ta yi mini magana ba. Takan ajiye abinci ta fita. Kullum daga aiki sai ɗakinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ranar farko faɗa ta yi masa na awa guda, yana cewa "na tuba" har muryarsa ta dishe. Rana ta biyu ta kawo agogo mai ƙararrawa ta dasa masa a kan durowa. Rana ta uku aka ji suna dariya. Da idonsa ya washe aka yi masa hoto, abokiyar aikinta ce ta yi, ita tana tsaye a waje ta jingina goshi da bango. Ba a ga komai ba sai tsohon tabon.

Wata safiya ta zauna a kujerar da ke fuskantar tawa.

"Shekara tara ina jin haushinta, Baba. Ko addu'a nake yi mata, da haushin nake yi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba."

Na yarda.

"Ranar Asabar zai zo da kawunsa. Kada ka shirya wata magana. Ka ce to kawai."

Na ce to. Ranar Asabar ma na ce to. Kawun ya zo da dogon jawabi a baki, ya rasa inda zai sauke shi.

An ɗaura auren bayan wata huɗu. Taro ne madaidaici. Abokan aikinta sun zo, da likitar mai furfura, da tsofaffin ɗalibansa da suka cika titin da motoci, kowa ya ajiye tasa a karkace. Angon ya dube su ya dafe kai, ya ce yau asirinsa ya tonu. Amarya ta yi kyau. Ta yi kama da uwarta har sai da na nemi kujera.

Da za su tafi suka durƙusa a gabana. Ya ce, "Baba, ka yafe mini ƙaryar da na yi."

Na ce, "Tashi, ɗana. Ƙaryarka sati takwas ce."

Na dafa kansu. Na ce Allah ya ba su tsawon rai, su tsufa tare har su dami jikokinsu da surutu. Na ce masa ya sha maganinsa kowace safiya, ya je hotonsa duk wata shida, kuma duk ranar da surukinsa ya ce ya karanta wani abu, ya gaishe shi da ladabi ya wuce. Mutane suka yi dariya. 'Yata ba ta yi ba, amma ta riƙe hannuna ta matse, ta daɗe ba ta saki ba. Hannun nata da ɗumi.

Na dawo gida rana ba ta faɗi ba. Na shiga ɗakin da na daɗe ban shiga ba, na zauna a bakin gado.

Wata huɗu uwarta ta yi a kan gadon nan. Ba abin da ban yi mata ba. Na wanke ta, na juya ta, na shafa mata mai a ƙafa, na karanta mata littafi bakwai. Abu ɗaya na kasa: kallon idonta. Idan na kawo ruwa, kofin nake kallo. Idan ina karatu, shafin.

Kwana biyu kafin ta rasu, da hantsi, ta ɗora hannunta a kan littafin ta rufe shi.

"Malam, fushi kake yi da ni? Ka daina kallona."

Na gyara mata bargo. Na ce ta huta, gobe ma yi magana. Washegari ba ta gane kowa ba.

Amsar ba ta da tsawo, kuma tana bakina tun a lokacin.

Ba fushi nake yi ba. Kunyarki nake ji.